Inda Wuta Ta Tsaya

Da hantsi Zabeiru ya kawo ta,
farar mota, ƙurar Kwatano ba ta gama barin jikinta ba.
Ya tsaya gindin dogon yaron garejina,
nan bakin hanyar Ɗan Isa,
ya buɗe baya: ga shuɗiyar kwalba kwance,
an ɗaure ta da ɗamara biyu kamar mai shirin kokawa.
Ya ce iska ce a ciki,
wadda in inji ya shaƙa sai ya manta da tsufansa.
"Amma na danna, maigida,
na danna har yatsa ya yi kanta,
ko tari ba ta yi."

Har ya sayo sabon makunni, jika uku.
Kowa makunni yake zargi,
don shi ne a gaban ido.

Shekara ashirin da biyu ina bin wuta a duhun mota,
ban taɓa haɗuwa da wannan kwalba ba.
Ban gaya masa ba.
Na murɗe bakinta tam, na ɗauko ƙwan gwajina.
Marigayi Arzika, da yake koya mini, cewa yake:
wuta 'yar aike ce, daga batir take fita,
kuma sai ta koma gida.
In ba ta koma ba, wani ya tare ta a hanya.

Na zaro fis, na ɗaga shi ga rana,
zarensa lafiya lau.
Jan makunnin da ake ta zagi,
na taɓa ƙafarsa ta dama, ƙwai ya kama,
na taɓa ta hagu, ya kama.
Na ce, Zabeiru, nemi gafarar wannan.

Sai rele. Na ɗora yatsa a bayansa
kamar mai jin zazzaɓin yaro. Shiru.
Na sa Jibo ya musanya shi da na oda,
oda ta tsala ihu,
har Tsahirou mai shayi ya zubar da rabin kofi.
To, shi ma ba ruwansa.
Na kankare tsatsa inda baƙar waya ke cizon ƙarfe,
na ƙara ɗaurewa.
Shiru dai.

Aka kira azahar, muka je muka dawo.
Zabeiru na ta duban agogo.

Wata siririyar waya ce, ruwan ɗorawa,
ta sulale ƙarƙashin shimfiɗa ba sallama.
Na bi ta, kai a ƙasa, ƙafa a kan kujera,
gumi na shiga mini hanci,
har gindin totur.
Ashe can wani ɗan makunni ke ɓoye,
bai fi ƙwallon dabino ba,
da ɗan harshensa na ƙarfe.
Ba ya buɗe wa wuta ƙofa
sai an take totur har ƙasa.

Tsakanin harshen da mazauninsa,
ɓawon gyaɗa.
Rabi ma, ba guda ba.

Na zaƙulo shi da tsinken tsire.
Jibo ya taka. Ƙas!
Ƙwai ya kama, bawul ya amsa daga can gaba.
Zabeiru ya yi tsalle, ya dubi ƙasan motarsa
da ya cika da ɓawo, bai ce komai ba.

Sai da ya tayar na dubi titi:
amalanken jaki ɗauke da kara,
'yan makaranta uku a kan keke ɗaya,
wata tsohuwa da ƙwaryar fura tana neman tsallakewa.
Hannuna ya shiga aljihu, ya taɓa ɓawon.
Na san daidai inda na cire shi.
Na ce, "Sai ka wuce gari, ka ji?"
Ya ce ya ji. Gilashi ya riga ya hau.

Da dare Hadiza na zazzage rigata za ta jiƙa,
ya faɗo kan tabarma.
Ta ce, "Wannan fa?"
Na ce ta ajiye mini shi bisa taga.